Daga hannu zuwa hannu: yadda littafi ke yawo a gidajenmu

Wanda yake son sanin yawan mutanen da suka karanta wani littafin Hausa, in ya tafi maɗaba'a tambayar kwafi nawa aka buga, ya yi asarar kuɗin mota. A ƙasar Hausa kwafi ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne. Yana shiga gida da hantsi, kafin la'asar an aiko yaro daga maƙwabta ya ji ko an gama, bayan sati ya tsallaka unguwa, bayan wata ya bi wata amarya zuwa wani gari a ƙasan akwati. Ga kuma waɗanda ba su iya boko ba, ana karanta musu suna tsintar shinkafa. Wannan yawo shi ya raya ƙagaggun labaran Hausa na zamani, shi ne kuma ya hana yawancin marubutansu cin guminsu. Duk biyun gaskiya ne, shi ya sa rigimar "an fitar min da littafi", wato yaɗa littafin kuɗi ba da izinin marubuci ba, da ake yi yanzu a WhatsApp ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Bari mu kama littafi guda, kada magana ta tashi a iska. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a Kano. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara, wadda ta daɗe tana rufa wa gidan asiri alhali maigida yana tauye cefane. Ya je ya auro Delu, mace mai zaman kanta, rigima ta tashi, ya saki Rabi ya kore ta ita da 'ya'yan. Ta kama sana'ar abinci ta riƙe su, har ta aurar da 'yarta Saudatu ga mai hali. Sai gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, zamansa da Delu ya watse, aka taru a kan Rabi sai ta koma ɗakinta. Ta koma.

Wannan komawar ita ce ƙafar littafin. Duk matar da ta rufe shafin ƙarshe tana tashi da magana a bakinta: ya kamata ta koma ko bai kamata ba? Don 'ya'ya ta yi, ko an fi ƙarfinta ne? Ba a gardama da bango, dole a nemi wadda za a yi da ita, kuma ba za a yi da wadda ba ta karanta ba. Sai a miƙa mata. Labarin soyayyar da ya ƙare da ɗaurin aure da walima ana jin daɗinsa a ajiye. Wanda ya bar ƙaiƙayi a zuciya shi ne ba ya zama wuri ɗaya.

Akwai dalili na biyu, wanda a ganina ya fi wancan zurfi, shi ne kunya. Gidan Bahaushe cike yake da labaran da kowa ya sani amma ba a faɗa. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari ba za ta zaunar da 'yarta ta zayyana mata abin da mahaifinta ya yi mata shekarar da ya ƙaro aure ba. Ba za ta faɗi dalilin da ya sa suka yi damina biyu a gidan kakanni ba, ko inda awarwaronta na zinariya ya tafi. Tarihin gida yakan bi ta gefe, ta bakin kaka cikin wasa da jika, ko ta bakin gwaggo ranar da ranta ya ɓaci. Littafi ya zo ya samu wannan gurbi a buɗe. Sai ka ga ana saura 'yan makonni biki, ƙanwar uba ta zaro shi daga jaka:

"Ungo wannan, 'yata, ki karanta a natse. In kin gama ki miƙa wa Yayarki."

"To, Gwaggo. Labarin mene ne?"

"Ke dai ki karanta."

Yarinya ba za ta yi nisa ba za ta fara ganin fuskokin da ta sani a cikin sunayen da ba ta sani ba. An faɗa mata komai, kuma ba wanda ya keta alkunya. In an tambayi gwaggon, littafi kawai ta ara wa 'yarta. Wannan aiki ne da mai shago ba zai iya yi ba, domin rabin saƙon yana cikin hannun da ya miƙo: wa ya ba ki, a wane lokaci, da wane irin kallo.

Sai dai bai kamata mu ɗora komai a kan zuciya ba, akwai aljihu. Aron littafi ya zama tsari ne saboda yanayin da waɗannan littattafai suka fito a ciki. Gasar rubutun da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifi su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, amma waɗancan hukuma ta buga su, makaranta ta raba su, kuma maza ne suka fi karanta su. Abin da ya faru a shekarun 1980 daban ne. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya tura yara mata da yawa aji, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980, matan aure suka koyi haɗa baƙi da wasali. Daidai lokacin da waɗannan masu karatu suka kawo ƙarfi, sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka fi karkata ga littattafan makaranta da suke da tabbacin kasuwa. Ga masu karatu, babu mai buga musu.

Marubuta suka shiga da kansu. A rubuta a littafin makaranta mai layi, a kai wa mai tafireta, a tara kuɗi ko a ci bashi a kai wa ɗan ƙaramin mai injin bugu, a ɗauko a kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari da Kurmi, sau da yawa bisa sharaɗin sai an sayar a kawo kuɗi. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda Balaraba da Ado Ahmad Gidan Dabino suke, sun taso ne don a tallafi juna a wannan hanya. Daga nan kuma al'adar raba labari kashi-kashi ta samo asali: ba jari a buga shi duka, sai a fitar da na ɗaya, abin da ya dawo a buga na biyu. Wannan dabara ta talauci ita ta ƙara wa aro gudu. Wadda take da na ɗaya ba lallai tana da na biyu ba, wadda take da na biyu tana neman na uku, ka ga dole a yi musaya. An ƙulla ƙawance da yawa a kan "wa ke da na uku?"

Ƙara da kulle. Mai karatun da ta fi kowa ƙishirwa ita ce wadda ba ta fita kasuwa. Littafi yana isa gare ta ta hanyar da zare da turare da atamfa suke isa: yaro ɗan aike, ƙanwar miji mai zuwa makaranta, dillaliya, taron suna da biki. A makarantun kwana na 'yan mata kuwa, kwafi ɗaya yakan zaga ɗakin kwana gaba ɗaya, a bi layi, mai riƙe da shi ta san tana da dare ɗaya tak, ga fargabar kada babbar ɗaliba ko malama ta ƙwace.

Duba irin kwafin da ya sha wannan tafiya. Bango ya daɗe da fita, an yi masa sabo da takardar kalanda, an ɗinke gindin da zare da allura. Gefen shafuka ya yi laushi ya yi baƙi, akwai tabon manja a wani wuri, wani shafin yana ƙamshin turaren wuta. A ciki an rubuta da biro ja: wannan littafi na wance ne, duk wadda ta ara don Allah ta dawo da shi. A ƙasa wata ta soke sunan ta sa nata, wata ta uku ta rubuta lambar gidansu. Inda Alhaji Abdu ya yi wata magana mai zafi, an ja layi an rubuta "Allah ya saka mata" a gefe. Shafi biyu na ƙarshe sun ɓace, don haka akwai matan da suka san ƙarshen labarin ne daga bakin wadda ta ara musu, da ɗan ƙarin gishirinta. Irin wannan kwafi yana ɗauke da labari biyu, na marubuciya da na unguwar da ta karanta shi, kuma na biyun ba ya cikin kowane sabon bugu.

Tunanin cewa rubutu abin miƙawa ne ya girmi boko a wurinmu. Ɗalibin ilimi yakan ari littafin malaminsa ya kwafe da tawada da alƙalamin kara, a ƙarshe ya roƙi gafara ga mawallafi da mai kwafa da mai karatu. Ba wanda ya kira shi ɓarawo, lada ma ake sa masa rai. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta gina tsarin 'Yan Taru a kan haka: jajis, wato jagororin matan, su zo su koyi waƙoƙinta, su koma ƙauyukansu su koyar da wasu mata. Saboda haka lokacin da matar aure a Fagge ta miƙa wa maƙwabciyarta littafi ta kan katanga, tana kan tsohuwar turba. Bambancin shi ne Nana Asma'u ba ta ci bashin mai injin bugu ba.

A nan ne masu haya suka shigo, kuma su ne suka fi wuyar yanke wa hukunci. Shagon haya bai wuce tebur da 'yan katakai da babban littafin rajista ba. Ka ba da 'yan kuɗi, a rubuta sunanka, ka tafi da littafi kwana ɗaya ko biyu, in ka yar ka biya. Ta fuska guda, mai haya yana sayen kwafi ɗaya ya ci kuɗinsa sau da yawa, marubuci bai ga ko kwabo a kai ba. Ta ɗaya fuskar, shi ne mai sayen da ba ya fashi. Duk sabon littafin da ya fito sai ya saya, mai kyau da marar kyau, domin abokan cinikinsa kullum tambayarsu "akwai sabo?" Sabon marubucin da ba wanda ya san sunansa, ta teburin mai haya yake samun masu karatunsa na farko, kuma wadda ta ɗanɗana na haya ta ji daɗi ita ce gobe za ta aiki yaro ya sayo mata nata. Marubuta sun yi ta ƙorafi a kan masu haya, da gaskiyarsu, amma ban ga yadda kasuwar za ta kai inda ta kai ba tare da su ba.

Yawon hannu ya kuma yi wa littattafan wata rana da ba a cika ambata ba. Sun sha suka tun daga farko. A jaridu an yi doguwar muhawara a shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi yana kiran su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da wasu suna kare su. A masallatai da gidaje ana cewa suna lalata tarbiyya. A 2007, zamanin gwamnan Kano Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona tarin irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata, daga baya Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta nemi marubuta su yi rajista a riƙa duba rubutunsu kafin ya fita. Hukuma tana iya rufe shago, tana iya tare mai bugu. Ba ta da hanyar shiga ƙarƙashin katifar matar aure. Abin da ya riga ya bazu a hannun mutane ya wuce kamu.

Rediyo ya faɗaɗa da'irar. Shirye-shiryen karanta littafi, irin Rai Dangin Goro na Ahmad Isa Koko, sun kai labaran ga makiyayi da direba da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, har ƙetaren iyaka inda ake jin Hausa amma makaranta da Faransanci take. Nan ma tambayar ba ta canja ba: an ƙara wa marubuci suna, aljihunsa fa?

Sai waya ta zo, kuma mutane da yawa suna magana kamar ba abin da ya canja illa takarda ta koma gilashi. A nan nake ganin kuskuren yake. Aron littafin takarda kamar aron turmi ne: muddin yana gidanki, ba ya gidana, ina jira, kina sauri, dole ya dawo, kuma yau da gobe sai ya tsage a sayi sabo. Tura littafi a waya kuwa ɗibar wuta ce daga murhun maƙwabta, wadda ta bayar ba ta rasa komai ba, wadda ta karɓa ma tana iya ba gida goma. Duk abin da ya sa aro bai kashe kasuwa ba yana cikin wahalarsa ne. Jira yana gajiyar da mai hali ta sayi nata. Tsufan takarda yana jawo sabon bugu. Nisa yana sa garin da kwafin bai kai ba ya nemi na kasuwa. Waya ta share jira da tsufa da nisa a lokaci guda.

Ta share wani abu kuma. Wadda ta ara miki littafin takarda ta zaɓe ki ne. Ta san halin da kike ciki, ta hana kanta shi na 'yan kwanaki dominki, kuma ranar da kika mayar za a zauna a yi hira. Wadda ta watsa littafi a zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane ba ta zaɓi kowa ba, wataƙila ita kanta ba ta karanta ba. Ba ina cewa zumuncin ya mutu ba ne. Har yanzu akwai yayar da ke turo wa ƙanwarta labari da tsakar dare ta ce "karanta wannan, sai mun yi waya", kuma wannan gwaggon nan ce ta ɗazu a sabuwar riga. Amma ita da mai tara littattafan mutane ɗari-ɗari a shafinsa don talla ta biya shi ba abu ɗaya suke yi ba, ko da yake maɓalli ɗaya suke dannawa.

Marubutan yanzu ba su zauna kuka ba, sun sake gina kasuwar a cikin wayar, kuma abin sha'awa, da tsohon tubali. Ana sakin shafukan farko kyauta, daidai inda labari ya ɗau zafi sai a tsaya: ci gaban na kuɗi ne, ga lambar asusu, a turo shaidar biya a shiga zaure na musamman. Kashi na ɗaya da na biyu ke nan suka dawo. Saboda ana rubutawa ana saki kullum, abin da mai karatu take saya shi ne ta riga kowa ji, ta kuma sa baki, domin marubuciya tana ganin sharhin masu karatu kafin ta rubuta shafin gobe. Kuma a saman kusan kowane shafi akwai gargaɗin da ya maye gurbin biro ja na da: littafin nan na kuɗi ne, wadda ta karanta ba ta biya ba, ko ta fitar min da shi, ban yafe ba. Wasu har da Allah ya isa.

Kada a yi wa wannan Allah ya isa dariya. Marubuciya ta duba ta ga makamin da ya rage mata ke nan. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta taɓo abin da ake yaɗawa a intanet, akwai kuma hukumar da aka ɗora wa aikin. Amma matar da ke rubutu da babban yatsa tsakanin girki da raino ba za ta ɗauki lauya a kan 'yan ɗaruruwan naira ba, kuma wa za ta kai ƙara, lambar waya? Sai ta kai ƙara inda ta san mai karatu tana tsoro. Tana da madogara kuwa: Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin mawallafi haƙƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta shi. Fiƙihu ya daɗe da sanin aro, yana kuma yaba shi, amma aron da ya sani shi ne a amfana da abu a mayar da shi. Abin da ba a mayarwa, wanda ke haihuwa a hannun mai karɓa, yana buƙatar wani suna.

Wasu ƙasashe sun nemi mafita ta wata hanya. Denmak tun 1946, Birtaniya kuma da dokar 1979, suna biyan marubuta wani abu daga baitulmali saboda littattafansu da ke ɗakunan karatu na jama'a. Wato sun yarda aro alheri ne, sun kuma yarda bai kamata marubuci shi kaɗai ya ɗauki nauyin alherin ba. Tsarin yana da kyau, sai dai yana tsaye ne a kan ɗakunan karatu masu rajista da lissafi. Namu aron a tsakar gida yake, ba mai ƙirga shi.

Ni dai ga inda na tsaya. Wadda ta sayi littafi ta ara wa 'yar'uwarta, ko ta karanta wa kishiyarta, ko ta ba 'yarta ta tafi da shi gidan miji, ba ta ci haƙƙin kowa ba, ita ce ma ta yi wa marubuciya aikin da ba ta biya ba. Wadda ta shiga zauren kuɗi ta kwaso shafukan jiya ta zuba a fili alhali marubuciya tana tsakiyar rubutu, ta san abin da ta yi. Waɗannan biyun ba su da wuya. Mai wuyar shi ne na uku: tsohon littafin da ba ya kasuwa.

Yawancin abin da aka buga tsakanin tsakiyar shekarun 1980 da farkon 2000 an buga shi ne a takarda mai araha, ba lambar rajista, wani ko shekarar bugu babu. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai ɗab'i ya ajiye kwafi uku na duk abin da ya buga, amma marubucin da ke bin 'yan kasuwa bashin kuɗinsa ba ta wannan yake ba. Aro ya yaɗa littattafan, aro kuma ya cinye su, domin kwafin da aka fi so shi ya fi saurin mutuwa. Abin da ya tsira a tsare, da yawansa ƙoƙarin ɗaiɗaikun malamai ne. Graham Furniss da abokan aikinsa sun tara ɗaruruwa a jami'ar SOAS ta Landan, har suka fitar da jerin sunayen waɗanda aka buga daga 1987 zuwa 2002. Shi kansa Alhaki Kuykuyo Ne ya yi sa'ar da 'yan'uwansa ba su yi ba: an mayar da shi fim, sannan a 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi. Mai nemansa daga nesa yau zai fi saurin samun na Ingilishin a kan na Hausar da aka rubuta shi da ita.

Intanet ma ba rumbu ba ne. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu suna sayarwa, ta rufe a ƙarshen 2023. Zauren WhatsApp yana watsewa ranar da aka sace wayar mai shi.

To a wannan hali, idan wata ta samo tsohon kwafi a akwatin mahaifiyarta, ta zauna ta buga shi a waya shafi bayan shafi ta saki, me ta yi? Ba ta nemi izini ba, kuma marubuciyar ko magadanta suna da haƙƙi, wannan ba shakka. Amma ba ta tare wa kowa ciniki ba tunda babu inda ake sayarwa, kuma wataƙila ba don ita ba da littafin ya tafi ke nan. Laifinta da nake gani ya fi yawa a wani wuri dabam. Mai kwafa da yatsa tana gajiya. Tana tsallake dogon bayanin biki, tana zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, tana canja tsohuwar kalmar da ba ta gane ba da ta yau, inda shafi ya ɓace ta cike da abin da ta tuna. A turawa ta biyar sunan marubuciya ya faɗi, sunan zauren da ya yaɗa ya hau sama. Daga nan mai karantawa a YouTube ya ɗauka, ya sa masa sabon take mai jan hankali. Ɗalibin da ya kwafi littafin malaminsa da tawada yakan kai a duba masa a gyara, yana kuma rubuta sunan mawallafi kafin nasa. Masu kwafar yau ba su da wanda zai duba musu, domin kwafin da za a gwada da shi sau da yawa shi ne wannan mai bangon kalanda, wanda shafinsa biyu na ƙarshe suka ɓace tun kafin a haife su.